Dabarar Zunguri Wajen Kai Matasa Rumfar Zaɓe

A kusan kowace ƙasa da ake naɗa shugabanni ta hanyar jefa ƙuri'a akwai kuka guda wanda dattawa ke yi, watau matasa ba su fita ran zaɓe. Ran gangami su ke cika fili, su ke ɗauke da tuta, su ne kuma masu gardamar siyasa a bakin kasuwa da teburin mai shayi, amma in ranar ta zo aka dubi layi, sai a tarar furfura ta fi yawa. A ƙasar Amurka an saukar da shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18 tun cikin 1971, duk da haka a zaɓen 'yan majalisa na 2014, cikin kowane mutum 100 masu shekara 18 zuwa 29, mutum 20 kaɗai suka jefa, alhali kuwa cikin masu shekara 65 zuwa sama wajen 59 suka fita.

A Nijeriya, gabanin zaɓen shugaban ƙasa na ran 25 ga Fabrairu 2023, hukumar zaɓe ta bayyana sunan mutum miliyan 93 da 'yan kai a littafin rajista, wajen miliyan 37 daga cikinsu kuwa 'yan shekara 18 zuwa 34 ne. Da aka ƙidaya ƙuri'un ƙasa duka, ba su cika miliyan 25 ba. Mai lissafi ya ga abin da wannan ke nufi: ko da a ce duk waɗanda suka jefa matasa ne, ba tsoho ko ɗaya, har yanzu akwai sauran matasa fiye da miliyan 12 da suka yi rajista suka zauna gida.

Maganin da aka fi sani ga wannan ciwo shi ne faɗa da gori. Amma tun wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce waɗansu malaman jami'a suka bar zato suka koma awo, suna gwada dabaru iri iri, suna ƙidaya abin da kowace ta haifar. Abin da suka gano ya cancanci malami da ɗan kasuwa su ji shi, gama su ne ke da matasa a ƙarƙashinsu.

Ma'anar zunguri

Cikin 2008 waɗansu malamai biyu na Amurka, Richard Thaler masanin tattalin arziki da Cass Sunstein masanin shari'a, suka wallafa littafi mai suna Nudge. Ma'anar kalmar da Hausa ita ce zunguri, irin wanda mutum kan yi wa na kusa da shi da gwiwar hannu in ya ga gyangyaɗi ya ɗebe shi a majalisi. Nufinsu shi ne a shirya wa mutum hanya yadda abin da zai amfane shi zai zama shi ne mafi sauƙin yi, ba tare da an hana shi kome ba, ba a ci shi tara ba, ba a kuma biya shi ba. Maganar ta karɓu ƙwarai, har gwamnatin Ingila ta kafa ɗan ofis na musamman dominta a 2010, aka kuma ba Thaler kyautar Nobel a 2017.

Ɗan kasuwa ba baƙo ba ne ga wannan hikima, ko da bai san an yi mata suna ba. Hajar da yake so ta shiga, a gaban rumfa yakan aje ta, inda ido zai fara sauka. Uwar adashi kuma ta san kowa na son tari, amma hannu ba ya riƙe kuɗi, don haka takan tsai da ranar zubi, ta aiko yarinya har ƙofar ɗaki. Ba ta tilasta kowa ba, ta dai rage tazarar da ke tsakanin niyya da aiki.

To, wajibi ne a rarrabe zunguri da abubuwa biyu masu kama da shi. Ƙasar Ostireliya ta sa doka tun 1924 cewa wanda ya ƙi jefa ƙuri'a ba da uzuri ba za a ci shi tara, kuma wajen mutum 90 cikin 100 sukan fita. Wannan tilas ce. Wanda kuwa ya raba kuɗi ko sabulu ko atamfa don a zaɓe shi, wannan ciniki ne, haramtacce kuma a dokar zaɓe. Zunguri na gaskiya ba ya gaya wa mutum wanda zai zaɓa. Iyakarsa ya kai shi bakin akwati, sauran kuma tsakaninsa ne da zuciyarsa.

Yadda aka fara awo

A Amurka hukuma takan rubuta wanda ya jefa ƙuri'a da wanda bai jefa ba, kuma ana iya duba wannan littafi, ko da yake wanda mutum ya zaɓa asiri ne. Da wannan dama malamai biyu na Jami'ar Yale, Alan Gerber da Donald Green, suka yi amfani a garin New Haven gabanin zaɓen watan Nuwamba 1998. Suka ɗauki sunayen masu rajista wajen 30,000, suka raba su rukuni rukuni a kan canke, ba da duban ko wane ne ba. Waɗansu aka aika musu takarda, waɗansu aka buga musu waya, waɗansu aka je har gida aka yi sallama aka yi magana da su ido da ido, waɗansu kuwa aka ƙyale su don su zama ma'auni. Bayan zaɓe aka buɗe littafi aka ƙirga.

Bugun waya, wanda ma'aikatan wani kamfani suka yi suna karanta rubutacciyar magana, bai ƙara kome ba. Takarda ta ƙara ɗan kaɗan, kowace guda ƙasa da mutum 1 cikin 100. Amma cikin waɗanda aka tarar a gida aka yi magana da su, an sami ƙarin wajen mutum 8 cikin kowane 100. Maganar kusan ɗaya ce, bakin da ya kawo ta ne ya bambanta.

Wani malami, David Nickerson, ya ƙara bin sawun abin a garuruwan Denver da Minneapolis cikin 2002. Ya zaɓi gidaje masu mutum biyu da ke da rajista, aka yi magana da wanda ya buɗe ƙofa kaɗai. Sai aka ga har na biyun, wanda ba a ko gan shi ba, ya sami wajen kashi 60 cikin 100 na tasirin da aka yi wa na farkon. Ashe fita zaɓe yakan yi naso cikin gida.

Tsakanin niyya da aiki

Mutane da yawa suna zaton matasa ba su kula da sha'anin mulki ba ne. John Holbein da Sunshine Hillygus, cikin littafin da suka wallafa a 2020 a kan matasan Amurka, sun nuna mafi yawansu in an tambaye su gabanin zaɓe sukan ce za su jefa, sa'an nan da yawa su kasa cikawa. Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Saurayi yakan sauya mazauni saboda karatu ko neman abinci, bai san ranar da ake rufe rajista ba, bai taɓa shiga rumfar zaɓe ba balle ya san yadda ake yi, yana kuma jin nauyin tambaya kada a ga ƙauyancinsa. Dattijon da ya jefa sau goma, ƙafarsa ma ta san hanya.

In haka ne, abin da ake bukata shi ne taimako wajen cika niyya. A zaɓen fid da gwani na jihar Pennsylvania cikin 2008, Nickerson da Todd Rogers suka gwada wannan a kan mutum fiye da 280,000. Waɗansu aka buga musu waya aka yi musu nasihar da aka saba, cewa zaɓe yana da muhimmanci, su daure su fita. Wannan ba ta motsa kowa yadda za a iya gani ba. Waɗansu kuwa aka ƙara musu tambayoyi uku: da wane lokaci za ka je, daga ina za ka taso, me za ka kasance kana yi kafin nan? Cikin waɗanda aka samu aka yi wa tambayoyin, an sami ƙarin wajen mutum 4 cikin 100. A gidajen da mai rajista shi kaɗai ne, ƙarin ya kai 9. A gidajen da suke da yawa kuwa ba a ga bambanci ba, malaman suka ce mai yiwuwa don su dama sukan shirya tafiyar tsakaninsu a hira. Hausawa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saurayin da ya bar gidan ubansa yana kwana a shago ko ɗakin haya, shi ne mutumin da ba shi da mai yi masa waɗannan tambayoyi.

Tuni kaɗai ma yana aiki in ya zo a kan kari. A zaɓen Nuwamba 2006, Allison Dale da Aaron Strauss suka aika gajeren saƙon waya, ana gobe zaɓe, ga sababbin masu rajista waɗanda galibinsu matasa ne. Aka sami ƙarin wajen mutum 3 cikin 100, da kuɗi kaɗan ƙwarai. Saƙon bai yi gardama da kowa ba, gama wanda ya wahala ya yi rajista ya riga ya nuna yana so.

Idon jama'a

Dabarar da ta fi duka ƙarfi ita ce kuma ta fi ban tsoro. A jihar Michigan, gabanin zaɓen fid da gwani na watan Agusta 2006, Gerber da Green da Christopher Larimer suka gwada takardu iri huɗu a kan gidaje 180,000. Waɗanda ba a aika wa kome ba, kashi 29.7 cikin 100 suka fita. Waɗanda aka tuna wa cewa zaɓe hakki ne a wuyan ɗan ƙasa, 31.5. Waɗanda aka nuna wa tarihin gidansu, wane ya jefa a zaɓukan baya, wane bai jefa ba, 34.5. Waɗanda kuwa aka jera musu sunayen maƙwabtansu da tarihin kowa, aka kuma ce bayan zaɓe za a sake aiko da sabon lissafi, 37.8 suka fita. Takarda guda ta yi aikin da sallama a ƙofa ke yi, saboda kunya. Amma mutane da yawa sun fusata, suka ga an tona musu asiri. Daga baya Costas Panagopoulos ya nuna in aka juya maganar ta zama godiya, aka ce wa mutum an gode da ya fita a zaɓen da ya wuce, ana samun ƙari ba tare da ɓacin rai ba.

Kamfanin Facebook ya gwada irin wannan ran zaɓen 2 ga Nuwamba 2010 a kan mutum miliyan 61. Waɗansu aka nuna musu sanarwar cewa yau zaɓe, da inda rumfa take. Waɗansu aka ƙara musu da hotunan abokansu har shida waɗanda suka ce sun riga sun jefa. Sanarwa tsura ba ta ƙara kome ba, mai fuskokin abokai ce ta yi aiki. Masu binciken suka ƙiyasta ta fito da mutum 60,000 kai tsaye, da waɗansu 280,000 ta hanyar naso daga aboki zuwa aboki. Tun lokacin masu hankali suka fara tambaya: in kamfani guda yana da ikon nan, me zai hana shi wata rana ya zunguri magoya bayan wani ya ƙyale na wani?

Akwai wani darasi a nan wanda ya shafi masu jawabi. Gerber da Rogers sun gwada magana iri biyu a New Jersey cikin 2005 da California cikin 2006. Waɗansu aka ce musu mutane kaɗan ne ke fita, don haka su daure. Waɗansu aka ce musu jama'a da yawa za su fita. Cikin waɗanda ba su saba jefawa ba, magana ta biyu ce ta fi ƙarfafa niyya. Ashe mai hawa mumbari ko gidan rediyo yana cewa matasan yanzu ba su zaɓe, yana iya zama yana koya musu cewa zaman gida shi ne al'adar tsaransu.

Share hanya

Wani zungurin ba magana ba ne, gyaran tsari ne. Jihar Oregon ta fara wata hanya a 2016: duk ɗan ƙasa da ya je ofishin lasin tuƙi, sai a sa sunansa cikin rajistar zaɓe, sai fa in shi ya ce ba ya so. Da can sai wanda ya nema ake rubutawa, yanzu sai wanda ya ƙi ake cirewa, 'yancinsa kuwa yana nan yadda yake. Waɗansu jihohi kuma suka yarda yaro ya yi rajista tun yana shekara 16 ko 17, yana makaranta, ta fara aiki ran da ya cika 18, Holbein da Hillygus kuwa sun sami wannan yana ƙara yawan matasan da ke fita. Ƙasar Ostiriya ta saukar da shekarun zaɓe zuwa 16 a 2007, aka kuma ga a zaɓen birnin Biyana 'yan 16 da 17 sun fi 'yan 18 zuwa 20 fita, domin har yanzu suna gaban iyaye da malamai.

Muhimmancin wannan duka yana ga karo na farko. Da aka koma New Haven aka duba zaɓen gari na 1999, sai aka tarar waɗanda aka jawo suka jefa a 1998 sun fi saura komawa, ba tare da an sake zuwa gidansu ba. Jefa ƙuri'a sabo ne, rashin jefawa ma sabo ne, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da aka gani a Afirka

Mai karatu yana iya cewa wannan duk labarin ƙasar Turawa ne, inda wasiƙa ke zuwa ƙofar gida, layi kuma ba ya kai yini. An gwada a Afirka ma. A Mozambik, gabanin zaɓen 2009, Jenny Aker da Paul Collier da Pedro Vicente suka gwada saƙonnin waya da rabon jarida kyauta, aka sami ƙarin wajen mutum 5 cikin 100. A Nijeriya, gabanin zaɓen 2007, Collier da Vicente tare da ƙungiyar ActionAid suka gwada kamfe na ƙin tashin hankali a waɗansu unguwanni da ƙauyuka na jihohi shida, har da Kaduna da Filato, ta hanyar taron gari da wasan kwaikwayo. Inda aka yi, tsoro ya ragu, masu fita suka ƙaru. A nan abin da ya tare hanya tsoro ne, ba mantuwa ba, sai da aka taɓa shi kafin jama'a su motsa.

Labarin Kenya ya fi duka ban tunani. Gabanin zaɓen watan Maris 2013, hukumar zaɓen ƙasar, tare da malamai Benjamin Marx da Vincent Pons da Tavneet Suri, ta aika saƙonni ga masu rajista wajen miliyan 2. Masu fita sun ƙaru kaɗan. Amma ran zaɓe na'urorin tantance mutane da na aika sakamako suka lalace a wurare da yawa. Da aka bincika daga baya, sai aka tarar waɗanda aka aika wa saƙon sun fi saura yanke ƙauna daga hukumar, musamman waɗanda gwaninsu ya faɗi. An ɗaga musu rai, sa'an nan aka sake su. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan: mai tallan da ya kira mai saye da zaƙin baki ya auna masa da mudun da aka ƙwanƙwasa, ya sayar yau, ya yi hasarar gobe.

Saboda haka kada a ɗora wa zunguri kayan da ya fi ƙarfinsa. Ƙarinsa mutum 3 ne, ko 4, ko 8 cikin 100. A Nijeriya kuwa masu fita zaɓen shugaban ƙasa sun sauko daga kashi 69 cikin 100 a 2003 zuwa wajen 44 a 2015, 35 a 2019, da 27 a 2023. Ramin nan saƙon waya ba ya cike shi. A 2023 an shiga zaɓe cikin ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, mutum kuma ba ya jefawa sai a rumfar da sunansa yake, ga hana zirga-zirga ran zaɓe. Yaron da ya yi rajista a ƙauyensu yana aiki a Kano ko Legas, kuɗin mota da izinin maigida yake bukata kafin tuni ya amfane shi. An saukar da shekarun tsayawa takara a 2018, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, amma buɗe ƙofar takara dabam, tabbatar wa saurayi cewa za a ƙirga ƙuri'arsa dabam. Wannan na biyun nauyi ne a wuyan hukuma da 'yan siyasa.

Rabon malami da maigida

Duk da haka akwai abin da ke hannun mai almajirai da mai yaran shago, kuma awon da aka yi ya nuna bakinsu ya fi na baƙo tasiri, gama da ɗan gari akan ci gari. Maigida yana iya ba yaronsa rana guda ya je ya yi rajista, da wata ranar ya karɓo katinsa, ba tare da an yanke masa kome ba. In rajistarsa tana nesa, a tuna masa ya nemi a mayar da ita kusa tun hukuma ba ta rufe ba. In zaɓe ya matso, a tambaye shi ina rumfarsa take, da wane lokaci zai tashi, da wa za su tafi. Wanda bai taɓa jefawa ba a haɗa shi da wanda ya saba. Malami in zai yi magana ya ambaci waɗanda suka fita ya yaba musu, ya bar gorin waɗanda suka zauna.

Akwai iyaka guda wadda ba a ƙetarewa. Wanda yake ci a hannun mutum yana jin nauyinsa, maganar maigida ko malami kuwa ba ta da wuyar zama umarni a kunnen yaro. Don haka a tambaye shi yaushe zai je, kada a tambaye shi wa zai zaɓa, kada kuma in ya dawo a nemi ya faɗa. Dattijon da ya raka saurayi har bakin rumfa, ya tsaya daga waje ya bar shi ya shiga shi kaɗai, ya sauke nauyin da ke kansa.

Allah ya sa a dace. Haza wassalam.